Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da rayuwar mai jinya a Kaduna: me ke sa mutum ya tsaya da ƙafarsa?

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin Dokar Mahaukata ta 1958. Masana sun yi ta murna, amma a gidajen da ake da mara lafiya tambayoyin ba su canza ba. Zai warke kuwa? Maganin nan sai yaushe za a daina sha? A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko a kira malami? Za ta iya aure? Zai koma bakin aikinsa? Dokar ta amsa kaɗan daga ciki. Sauran amsoshin suna cikin yadda ake tafiyar da jinyar yau da gobe, musamman bayan an sallami mutum daga asibiti, lokacin da 'yan dubiya suka watse kuma kowa ya ɗauka an gama.

Kalma ɗaya, cututtuka da yawa

Bahaushe yana da "hauka", yana da "taɓin hankali", yana da "motsi". Duk suna nuni ga mutumin da ke yawo a bola yana surutai. Wannan hoton ne ke hana mutane da yawa zuwa asibiti, domin mai fama da rashin barci da kukan ɓoye ba ya ganin kansa a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansu suna zuwa kasuwa da ofis da gona kamar kowa.

Wanda ya fi yawa shi ne ciwon damuwa mai tsanani. Likita yana zarginsa idan mutum ya kai mako biyu a jere cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin abin da a da yake so, tare da lalacewar barci da cin abinci, kasala, da ganin kansa ba shi da amfani. A nan ƙasar ba kasafai mara lafiya ke cewa "ina baƙin ciki" ba. Zai ce kansa na zafi, wani abu na yawo a jikinsa, zuciyarsa na bugawa. Shi ya sa ake yi masa maganin maleriya da taifot sau uku sau huɗu kafin wani ya tambaye shi yadda yake kwana.

Akwai ciwon fargaba, wanda wani lokaci yakan zo farat ɗaya da bugun zuciya da sarƙewar numfashi har mutum ya ɗauka ajali ne, sannan ya lafa cikin mintuna. Akwai ciwon firgici bayan tashin hankali, inda abin da ya faru ke dawo wa mutum a mafarki da farke fiye da wata guda. Jihar da ta ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022, da sace ɗaliban Kuriga a Maris 2024, da shekarun tare hanyar Birnin Gwari, ba za ta rasa masu wannan larura ba, har cikin waɗanda suka tara kuɗin fansa ba tare da su aka sace ba.

Sai cututtuka biyu da suka fi kama da abin da jama'a ke kira hauka. Na farko likitoci suna ce masa baifola: mutum ya yi mako ko fiye ba ya bukatar barci, ga surutu, ga kyauta da ɓarnar kuɗi, ga jin kansa wani babba, bayan wani lokaci kuma ya faɗa cikin damuwa mai nauyi. Na biyu shi ne sikizofireniya, mai zuwa da jin muryoyin da ba wanda ke ji, da zargin ana bin mutum ko ana sa masa guba, da janyewa daga mutane. Yakan fara ne a ƙarshen samartaka zuwa shekara talatin.

Abu biyu ake yawan rikitawa da waɗannan. Farfaɗiya cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce, ba taɓin hankali ba, ko da yake asibiti ɗaya ake zuwa. Sannan rikicewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu tare da zazzaɓi, sanƙarewar wuya ko magagi tana iya zama sanƙarau ko maleriyar da ta haura kai. Wannan ba ta jiran ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa, sashen gaggawa ake kaiwa a ranar.

Daga mari zuwa sabuwar doka

Dokar 1958 ta samo asali ne daga wata dokar Turawan mulki ta 1916. Manufarta tsare mutum, ba yi masa magani ba, kuma an rubuta tushenta tun kafin a gano magungunan taɓin hankali na zamani, waɗanda suka fara fitowa a farkon shekarun 1950. Abin lura, a daidai wannan lokacin, a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa karɓar magani da rana. Tun a wancan zamani an ga cewa mutum ya fi saurin dawowa hayyacinsa idan ba a raba shi da mutane ba.

Kaduna ta ga ɗaya fuskar a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da mari a ƙafa. Iyaye ne da kansu suka kai akasarinsu, wasu saboda shaye-shaye, wasu saboda "rashin ji". Iyalin da suka kai ɗansu irin wannan wuri sau da yawa sun gaji ne, ba su san wata ƙofa ba.

Sabuwar dokar ta tanadi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusu na musamman, da kwamitin da zai saurari koke. Ta haramta ɗaure mara lafiya da mari. Ta ba shi haƙƙin a yi masa bayani a nemi yardarsa, a riƙe sirrinsa, kada kuma a nuna masa bambanci a wurin aiki ko gidan haya. Sai dai ta bar ƙofar kwantar da mutum ba da son ransa ba idan ana tsoron zai cutar da kansa ko wani. A nan ne aka rabu. Masu kare haƙƙin ɗan'adam suna ganin duk inda aka halatta tilas za a wuce gona da iri, kuma tarihin gidajen mari yana goyon bayansu. Likitoci da iyalai da yawa suna cewa akwai kwanakin da ciwon kansa ne ke hana mutum gane ba shi da lafiya, barinsa a haka kuwa sakaci ne. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da za a duba shi ne ko tilas ɗin na ɗan lokaci ne, a hannun ma'aikatan lafiya, da rubutaccen dalili, da kuma hanyar ƙalubalantarsa.

Asibiti, malami, ko duka biyu

Da yawa daga cikin masu isa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa sun riga sun biya ta wurin mai ruƙiya, mai maganin gargajiya ko majami'a. Masu wannan hanya suna cewa aljanu da sammu gaskiya ne, kuma malami yana kusa, yana saurare, ba ya sa mutum bin layi. Masu aikin asibiti suna cewa duk watan da aka ɓata kafin fara magani, musamman a sikizofireniya, yana rage yadda mutum zai murmure, kuma bincike ya tabbatar da hakan.

A aikace ba dole ba ne a zaɓi ɗaya. Addu'a, tofi da karatun Alƙur'ani ba sa karo da ƙwayar magani, malamai da yawa kuma suna kafa hujja da hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Inda matsala take shi ne abu huɗu: duka da sunan fitar da aljani, ɗauri, hana abinci ko turaren da ke shaƙe mutum a rufaffen ɗaki, da kuma cewa a ajiye maganin asibiti "don kada ya ɓata aiki". Duk mai maganin da ya gindaya ɗaya daga cikin waɗannan ya fita daga taimako. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba su ma a faɗa wa likita, domin wasu suna taɓa hanta da ƙoda.

Inda jinya ke lalacewa

Da yawa daga cikin waɗanda ake sake kwantarwa ba magani ne ya gaza ba, dainawa aka yi. Ana dainawa ne a wurare sanannu, kuma kowannensu yana da mafita.

Na farko, makonnin farko. Maganin damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine ba ya aiki kamar Panadol. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ji sauƙi, alhali illolinsa suna zuwa tun kwanakin farko. Amitriptyline yana busar da baki, yana sa barci da taurin bayan gida, don haka da dare ake shansa. Fluoxetine yana iya kawo tashin zuciya da hana barci, shi ya sa ake ba da shi da safe. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba, a kwana na biyar zai ce maganin bai karɓe shi ba.

Na biyu, lokacin da sauƙi ya samu. A nan ne dangi ke cewa, "Ai ka warke, me za ka yi da ƙwaya kuma?" Sauƙi daban, warkewa daban. A ciwon damuwa ana ci gaba da magani aƙalla wata shida bayan alamu sun ɓace, sau da yawa har wata tara zuwa shekara. Bayan rikicewar hankali ta farko ana ci gaba kimanin shekara guda ko fiye. Wanda ciwonsa ya dawo sau biyu sau uku yana iya bukatar shekaru, kamar mai hawan jini ko ciwon suga. Idan lokacin dainawa ya yi, likita ne ke rage shi sannu a hankali cikin makonni. Yankewa rana ɗaya yana kawo jiri, rashin barci da dawowar ciwon.

Na uku, illolin da ke ba mutane tsoro. Tsofaffin magunguna masu araha irin su haloperidol da chlorpromazine suna iya sa jiki ya sandare, hannu ya riƙa rawa, yawu ya riƙa zuba, tafiya ta koma kamar ta mutum-mutumi. Wani lokaci, musamman ga samari a kwanakin farko, wuya yakan murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya fito. Iyali da suka ga haka sukan ce aljanin ne ya tashi. Illar magani ce, kuma tana kwancewa da sauri idan aka koma asibiti. Likita zai rage adadin, ko ya canza magani, ko ya ƙara benzhexol. Wannan na ƙarshen shi ne 'yan ƙwaya ke kira Exol suna sha don maye, saboda haka a riƙe shi a hannun babba a gida. Chlorpromazine yana sa jiri idan an miƙe tsaye da sauri, yana kuma sa fata ta ƙi jure rana, abin da ya shafi mai aikin gona ko ɗan acaɓa. Sababbin magunguna irin su olanzapine da risperidone ba su cika sandarar da jiki ba, amma olanzapine yana buɗe ciki ƙwarai. A riƙa hawa sikeli duk wata, a auna suga da hawan jini lokaci-lokaci. Raunin sha'awa ko na kusantar iyali shi ma yana faruwa, kuma yana cikin manyan dalilan da magidanta ke ajiye magani a ɓoye. Abin faɗa wa likita ne, akwai canji.

Ga wanda ke yawan mantuwa ko gardamar shan ƙwaya akwai allura mai daɗewa a jiki, irin su fluphenazine, da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu. Amfaninta shi ne ranar da aka tsallake kowa ya sani.

Na huɗu, azumi da zafi. Yawancin magungunan da ake sha sau ɗaya a rana ana iya mayar da su bayan shan ruwa ko lokacin sahur, amma a tsara da likita tun cikin Sha'aban. Lithium, da ake ba masu baifola, yana bukatar kulawa ta musamman: idan jiki ya rasa ruwa, ta azumi a lokacin zafi ko ta gudawa da amai, yakan taru a jini ya zama guba. Alamarsa rawar hannu mai ƙarfi, tangaɗi da lauyewar harshe. Mai shan lithium yana bukatar gwajin jini a kai a kai, kuma kada ya sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis da kansa, domin suna ƙara taruwarsa. Rashin barcin dararen Ramadan shi kansa yana iya tayar da baifola. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki.

Na biyar, ciki da jego. Sodium valproate yana iya nakasa jariri a ciki, don haka ba a son ba macen da ke iya ɗaukar ciki. Carbamazepine yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Macen da ke kan magani ta yi shawara da likita kafin ta ɗauki ciki, idan kuma cikin ya riga ya shiga kada ta yanke magani da kanta, ta je a duba. Bayan haihuwa, ɗan kuka da saurin fushi na kwanakin farko yakan wuce kafin mako biyu. Amma mai jegon da ta daina barci kwata-kwata, take surutai ko take zargin jaririn, wannan larura ce ta gaggawa da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kada kuma a jira a yi suna.

Sai shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya. A shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin. Wiwi yana tayar da rikicewar hankali ga mai ɗauke da larurar, tramol yana iya jawo jijjiga, diazepam kuwa da ake saye don barci yana kama jiki cikin 'yan makonni.

Alamar dawowa

Ciwon ba ya dawowa ba sallama. Kowane mara lafiya yana da alamominsa, kuma kusan kullum iri ɗaya ne da na karon farko. Dabarar da ta fi amfani ita ce a zauna lokacin da yake lafiya, shi da mutum ɗaya da ya yarda da shi, a rubuta alamu uku ko huɗu, da abin da za a yi idan an gan su, da wanda zai raka shi asibiti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka shi ne zai faɗi alamomin, ba a faɗa masa ba. Barci ne kan gaba: dare biyu ko uku a jere ba barci ga mai baifola ko sikizofireniya ya isa a koma asibiti, ko ranar da aka rubuta a kati ba ta yi ba.

Yadda ake magana a gida yana da tasiri da aka auna. Gidan da ake yawan faɗa da gori, da gidan da ake lulluɓe mutum ba a barinsa ya ɗauki ko tsintsiya, duka biyu ciwon ya fi dawowa a cikinsu. "Yaya, kwana biyu na ga fitilarka a kunne har asuba, ko mu leƙa wurin likita gobe?" ya fi "ka fara ko?" nesa ba kusa ba. Idan yana jin muryoyi ko yana zargi, ba a musu da shi, ba a kuma gaskata masa. A ce, "Baba, ni ban ji ba, amma na ga abin yana damunka."

Idan mutum ya ambaci gajiya da rayuwa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Idan ya ce eh, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin feshi daga inda zai kai hannu, a kai shi asibiti a ranar. Sashe na 231 na tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa ya sa yunƙurin kashe kai cikin laifuka, kuma tsoron wannan ya daɗe yana sa iyalai ɓoyewa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna neman a soke irin wannan tanadi.

Aiki, karatu da aure

Magani yana kwantar da alamu, amma sana'a da mutane ne ke mayar wa mutum da martabarsa. Komawa aiki a mataki-mataki ta fi: rabin yini na mako biyu ko uku, sannan cikakke. Tela ya fara da ɗinki kaɗan ba na sallah ba, ɗalibi ya nemi jinkirta zango ɗaya da takardar likita maimakon ya ɓace a kore shi. Aikin dare da tuƙin doguwar hanya ba su dace da mai baifola ko mai shan maganin da ke sa gyangyaɗi ba. Ba dole ne duk ofis su san sunan ciwon ba. Ya isa mutum ɗaya mai iko ya san ana bukatar rana guda a wata don ganin likita.

Aure ya fi wuya. Masu cewa a ɓoye suna tsoron a fasa, kuma tsoron ba na banza ba ne. Sai dai amaryar da aka kai ɗaki ba a faɗa wa miji ba takan daina shan magani don kada a gani, ga hidimar biki da rashin barci, sai ciwon ya tashi a watannin farko, a rasa lafiyar a rasa auren. A fiƙihun Malikiyya ma taɓin hankalin da aka ɓoye yana cikin aibobin da ke ba ɗaya ɓangaren zaɓin warware aure. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a faɗa wa wanda zai aura da waliyyi ɗaya bayan magana ta yi nisa, kafin a sa rana, a kuma je wurin likita tare. Game da gado, larurar tana bin jini zuwa wani mataki, amma mafi yawan 'ya'yan masu ita ba sa kamuwa.

Abin da talaka zai gani

Doka ba ta haifar da likita. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wasu kuma suna ta ficewa waje. Kaduna ta fi jihohi da yawa sa'a, tana da Barnawa, ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Amma ga mutumin Birnin Gwari ko Saminaka ko Kafanchan, kuɗin mota na mutum biyu yana iya fin kuɗin maganin wata. Shi ya sa ake ƙoƙarin koya wa ma'aikatan asibitocin matakin farko gane waɗannan cututtuka, bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008.

Kafin hakan ya kai ko'ina, akwai abin da iyali ke iya yi. A gaya wa likita gaskiyar abin da aljihu zai iya ɗauka duk wata, domin tsohon magani mai araha da za a sha kullum ya fi sabo mai tsada da za a sha mako biyu a tsaya. Idan mutum ya daidaita, a roƙi a tsawaita ranar dawowa zuwa wata biyu ko uku, ko a rubuta takardar da za a riƙa yin allurar a asibitin da ke kusa. A bincika rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, a tambayi waɗanne magunguna ke cikin tsarin. A ajiye kati da kwalin magani wuri ɗaya, a ɗauki hotonsu a waya, sannan a sayi na gaba tun saura na mako guda.